Buhun Daddawa a Kwantenar Hajiya Rabi

Har gobe ban manta da ranar da aka buɗe kwantenar Hajiya Rabi a tashar jiragen ruwa ta Owendo ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya, gara ku ji daga bakina kafin a ba ku labarin da gishiri.

Aikinmu na fitar da kaya, wanda a nan ake kira tiranzite, a baki mai sauƙi ne. Ɗan kasuwa ya gaya maka abin da ke cikin kwantenarsa, kai kuma ka gaya wa ma'aikatan duwan, wato kwastan. In sun ga dama su yi bizit, su fasa hatimin ƙofa su duba da idonsu. Abin da ka faɗa ya zo daidai da abin da suka gani, kaya ya fita. Garin nan kuwa ta tashar yake ci: shinkafa, kajin ƙanƙara, tayoyi, yadi, duk ta can suke shigowa. Kwantena ɗaya ta maƙale, sai ka ji kuka a shaguna goma.

A shekarar, azumi ya faɗo cikin ruwan Afrilu. Hajiya Rabi, mai shagon yadi a unguwar Nzeng-Ayong, ta zuba duk abin da ta mallaka a shadda da atamfa, aka loda mata a Legas. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka ko ranar jajibere kayan suka fito an ci kasuwa. Ina! Da azumi ya raba tsakiya teloli suke daina karɓar ɗinki, kuma yadin da ba mai ɗinka shi ba mai sayensa. Jirgi ya iso a farkon azumi, saboda haka muna da sarari, amma ba mai yawa ba.

Na same ta a shago na ce, “Hajiya, yadi ne kawai a ciki?”

Ta ce, “Yadi ne zalla, ɗana. Me zan saka kuma, raƙumi?”

Da wannan na je wurin shugabar masu bizit, wata 'yar asalin ƙasar nan da kowa ke kira Madam, mace marar wasa da na yi shekaru ina gina amana da ita. Na ce mata yadi ne zalla, har da dukan ƙirji.

Ranar bizit aka fasa hatimi, lebura ya ja ƙofa, sai wani wari ya fito ya mare mu gaba ɗaya. Leburori suka watse. Madam ta toshe hanci ta ce da Faransanci, “Sabi'u, mutum ne ya mutu a ciki?” Ni kuwa tun kafin ta rufe baki na gane. Daddawa ce, buhu guda, an cusa ta bayan ƙofa, ta sha zafin ƙarfe tun daga Legas.

Ga azumi a bakina, ga ni ina ƙoƙarin fassara daddawa da Faransanci. Na ce ƙwayar wata bishiya ce, ana dafa ta, a rufe ta har ta ɗan ruɓe, sannan a ci. Ina ƙara bayani, ina ƙara nutsewa. Madam ta ce abinci yana da hanyarsa daban, sai masu duba lafiyar abinci sun gani, ga shi kuma ban ambace shi ba. Ta sa aka mayar da ƙofa aka kulle. Gaskiyarta ce, ko ni ne haka zan yi.

Nan take na kira Hajiya a waya. “Ba kin ce yadi zalla ba?”

“To ai yadin ne. Wancan saƙo ne.”

“Saƙon wa?”

“Saƙo dai, ɗana.”

Wannan saƙon shi ne ciwon kan aikinmu, kuma har yau yana ba ni haushi. Da an ji ana loda kwantenar wani a gida, sai kowace tsohuwa ta fito da ƙullinta: kuka, yaji, kilishi, man shanu. Mai kaya ba ya iya cewa a'a, don kunya. Kuma wallahi ba ƙarya yake maka ba in ya ce yadi zalla, domin a wurinsa saƙo ba ya cikin lissafin kaya. Kai ne kawai za ka tsaya gaban hukuma kana zufa.

Daga nan na zama ɗan hanya. Yau mai dubawa ya fita, gobe ruwa ya tsare hanyar tasha, jibi hutun Ista ya shigo an rufe ofisoshi. Da aka zo aka tambaye ni ko a kai buhun wurin gwaji ko a lalata shi, ban ko numfasa ba na ce a ƙone. Na bi su har wurin ƙonawa, na tsaya ina kallo, raina fes.

Kayan ba su fito ba sai cikin goman ƙarshe. Teloli sun rufe ƙofa, ga shaddar ta sha wari har cikin leda. Hajiya ta baza ta a shago tana bi da turaren wuta. Mata su ɗauka, su sunsuna, su ajiye. Kasuwar Sallah ta wuce ta tana ji tana gani.

Bayan sallar Juma'ar ƙarshen azumi na tsaya a ƙofar masallaci na rantse gaban jama'a sai na gano mai buhun nan na tona masa asiri. Da maganar ta je kunnen Hajiya, ta aiko a ce mini in bar zancen. Na ce ato, wani nata take karewa.

Ni ba na kai maganar aiki gida, abin da matata ta sani kawai shi ne an samu matsala a tasha. Da yammacin nan muna buɗa baki, ta ajiye mini tuwo da miyar kuka ta ce, “Baban Hafsa, tunda kayan Hajiya sun fito, ina saƙon Inna?”

Na ce, “Wane saƙo?”

“Daddawar mana. Ba kai ne kullum kake ƙorafin miyar garin nan lami ce ba? Na sa Inna ta aiko, na roƙi Hajiya kada ta gaya maka, sai dai ka ji a miya.”

Lomar da ke hannuna ban san inda na ajiye ta ba.

Washegari na je shagon kaina a ƙasa. Na so ta zage ni, da na samu sauƙi. Ta ci gaba da ninke shaddarta ta ce, “Surukarka ta aiko, in ce babu wuri? Da na faɗi sunan matarka ranar, da wane ido za ka kalli Madam?” Na fara maganar asararta, ta katse ni. “Layya na tafe, ɗana. Yadi ba ya ruɓewa.”

To kun ji mutanen da za ku yi wa aiki. Su jefa ka rami don kara, su kuma rufa maka asiri da dukiyarsu don karar. Kada ku tsaya a tambayar abin da ke cikin kwantena, ku tambayi wa da wa suka ba da saƙo, kuma ku fara tambayar daga gidajenku. Ni dai har yau in na ce miya ba ta yi ba, sai matata ta ce in je tasha in ɗebo toka.