Ranar da Aka Fasa Rufewar Baba

Wata ranar Laraba ce, a tsakiyar daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka tashe mu daga makaranta tun kafin azahar. Hadari ne ya haɗo daga gabas, kwanon ajinmu kuwa yoyo yake kamar rariya, sai malaminmu ya ce kowa ya ruga gida. Na ratsa ta cikin gonakin ƙauyenmu Makera da jakar littattafaina a ka, gero ya kawo mini kafaɗa, iska tana ta kwantar da shi. Ina shiga gida na ga abin da ban taɓa gani ba. An jingina tsani a jikin rufewarmu, an sauke jinkarta an ajiye a ƙasa, bakinta a buɗe, ga takalman Baba a gindin tsanin, kuma babu kowa a tsakar gida. Baban da na sani ko tabarma ba ya bari a waje in ya ga hadari, balle hatsi.

Rufewa wani irin rumbu ne na laka, mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a can sama, an ɗora ta a kan duwatsu saboda gara. Rumbun kara muke fara ci, ita kuwa Baba yakan liƙe bakinta da laka tun kaka, ba ya buɗewa sai tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Shiga cikinta aikina ne, domin ni ce 'yar siririya a gidan. Ɗebo ruwa, tsintar itace da kai fura gona duk ina yi da ƙunƙuni, amma wannan aikin ina alfahari da shi, har a dandalin gaɗa nakan yi wa ƙawayena yanga. Baba zai riƙe hannuwana ya zura ni, ƙafafuna su nutse cikin dawa mai sanyi, in riƙa cika ƙwarya ina miƙo masa. Kullum in ya fito da ni sai ya kakkaɓe mini kai ya ce, "Hajo, abin da kika gani a ciki, ki baro shi a ciki." A wurin mutanenmu cikin rufewa asirin maigida ne. Maƙwabci ba ya leƙawa, matar gida ma ba ta tambaya, nata dai ta karɓi awo.

A daminar da ta gabaci wannan, ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta yi kai amma ba ta yi ido ba. A kakar nan Baba shi kaɗai ya zuba hatsinsa, bai kira ni ba. Ya kuma sayo wasu ƙwayoyin maganin ƙwari a kasuwar Kurfi, waɗanda ake kira bam, ya ƙunsa a tsumma ya jefa ciki kafin ya liƙe. Duk lokacin da Inna ta dubi rumbun kara yana raguwa, sai ya ce mata ta kwantar da hankalinta, rufewa tana nan. Da safiyar Larabar na ji ya ce yau zai buɗe, na yi tsalle zan ajiye jaka, ya ce in wuce makaranta. Ya aiki yayana gona, ya ce Inna ta ɗauki ƙannena ta je barkar haihuwar da take ta ɗagawa a Shema. Na tafi ina fushi, ina ganin an ƙwace mini sarautata.

Na hau tsanin ina kiransa. Tun kafin in kai sama wani wari ya doke ni, kamar na tafarnuwa da ta ruɓe, ya sauka mini a maƙogwaro. Na leƙa, da farko duhu kawai, can sai na hango farar rigarsa. Yana ƙasa ƙwarai, a kife, da ƙwarya a gefensa, ba ya motsi. Ban san lokacin da na kurma ihu ba, na kuma zura ƙafa ɗaya ciki, domin ni a sanina wurin nawa ne. Ƙanen Baba, Baffa Iro, wanda katanga ce kawai tsakaninmu, shi ya ɗiro ya cafke ni ta ƙugu ya jefar da ni ƙasa kamar damin kara. Ya daka mini tsawa, "Ke ɗiyar nan, in kika shiga gawa biyu za mu ɗauka!" Shi ma bai shiga ba. A ƙuruciyarsa ya yi aikin yasar rijiya, ya kuma taɓa ganin mai ceto ya bi wanda ya je cetowa, an fito da su duka babu rai.

Gatari ya ɗauko. Ya naɗe hancinsa da rawani, ya shiga sarar cikin rufewar ta gefen da iska ke kaɗawa. Ihuna ya riga ya tara mutane, maza daga gonaki, mata ta kan katanga, har da wata Bafulatana mai tallar nono da ƙwaryarta a ka. Laka ta rufta, Baffa ya kori kowa baya, ya ja numfashi ya riƙe, ya miƙa hannu ya jawo Baba ta ƙafa. Sai ga cikin rufewar a fili, kowa yana gani. Dawar da ke ciki ko gwiwata ba za ta kai ba. Ina kuka, amma na ga yadda manya suka sunkuyar da kai, kowa yana kallon wani wuri daban. Ruwa ya kece a kan Baba da kan ɗan hatsin, aka ɗora shi a bayan wata motar a-kori-kura sai Dutsin-Ma.

Ya farfaɗo a asibiti yana amai, ƙirjinsa yana gurnani. Ma'aikacin da ya duba shi ya yi ta faɗa. Ya ce duk wurin da aka rufe da wannan magani sai an buɗe shi ya daɗe yana shan iska, kuma ba a shiga rufaffen wuri sai da igiya a ƙugu da wani a tsaye a bakinsa. Baba ya san duk wannan, mai maganin ya gaya masa. Amma barin rufewa a buɗe tsawon yini gayyatar ido ne, mai tsayawa a baki kuma dole ya ga ƙarancin hatsin. Da aka bar ni na matsa kusa, ya kama hannuna, bai tambayi jikinsa ba, bai tambayi wanda ya cece shi ba. A hankali ya ce, "Innarki ta gani?" Sai ya juya fuskarsa bango. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar na ranar ba.

Inna ta iso a jiƙe sharkaf da goyo a baya. A barandar asibitin na gaya mata abin da ya tambaya, ina zaton za ta yi mamakin rufewar. Ta dubi ruwan da ke zuba daga indararo ta ce, "Hajo, ni na sussuka dawar nan, ni na sheƙe ta. Mi zai ɓoye mani?" Ashe tun kaka ta sani. Ta rage awo a tukunya, ta riƙa cika tuwo da tafasa da zogale, tana nuna ta yarda da maganarsa don kada ya ji kunya. Shi yana rufa mata, ita tana rufa masa, har ya shiga ramin nan shi kaɗai.

Yunwa ba ta kashe mu ba a shekarar, 'yan'uwa sun kawo abin da suka iya. Amma ƙirjin Baba bai koma daidai ba. Mutumin da ke yin noma tun safe har la'asar ya koma zama a gindin darbejiya, yana tari yana kallon yayana da garma, har Allah ya karɓi abinsa ina makarantar sakandare. Inna ba ta taɓa gaya masa ta sani ba.

Yanzu a Dutsin-Ma nake zaune, hatsina a buhu yake a kusurwar ɗaki, 'ya'yana ba su san sanyin dawa a tafin ƙafa ba. Ɗana na fari walda yake yi, wani lokaci yakan shiga cikin tankin motar dakon mai, kuma ya gaji da tambayata ko an bar tankin ya sha iska, ko wa zai tsaya masa a baki. Yakan yi dariya ya ce Mama ta cika tsoro. In na je Makera nakan tarar da duwatsun rufewar nan a inda suke, awaki suna kwanciya a kansu. Ina kewar mutanen nan masu kunya da kawaici, ina kewarsu ƙwarai. Amma da a ce ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki tun kaka, da Baba ya ga jikokinsa.