Gwaggo Tafireta ta zaɓi aji da kunne

Gardamar da ta kwantar da Gwaggo Tafireta, ita da kanta ta tsokano ta, ba wanda ya aike ta. Ta kuwa fi kowa son ba da labarin, tana yi tana dariya har tabarau na zamewa.

Shekara talatin tana buga wa mutane takardu da tafireta a wani ɗan teburi ƙarƙashin matakalar benen ofisoshi. Dab da ita akwai shagon Mai Kwafi, wanda ya wayi gari ya sayo kwamfuta, ya kwashe mata masu kawo aiki ɗaya bayan ɗaya. Ran nan mai kula da benen ya zo da sanarwa a hannu, ya wuce ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya nufi shagon Mai Kwafi. Gwaggo ta miƙe, ta fuskanci Mai Kwafi.

"Kai ɗan nan, wannan akwatin talabijin naka ne zai riga ni? A ba mu takardar mu biyu a gani!"

Aka ba su. Yatsunta suka hau injin kamar ƙanƙara a kan kwano, ta zare takarda kafin Mai Kwafi ya kai rabi. Har ta fara rangaji, sai mai kula da bene ya sosa ƙeya ya ce, "Af, taron ba Talata ba ne, Laraba ne." Mai Kwafi ya danna wuri ɗaya, Talata ta ɓace, Laraba ta zauna. Gwaggo kuwa sai sabuwar takarda, daga farko.

"Sannu, Gwaggo," in ji Mai Kwafi. "Naki injin ya iya gudu, amma bai iya sharewa ba."

Matar da ta saba rufe bakin direbobi da lauyoyi, ranar dai ta laluba ba ta sami amsa ba. Ta ce amsar ta zo mata bayan kwana uku, tana cikin wanki, babu kowa a wurin sai bokiti.

Ba a yi wata ba mai kula da bene ya ce ta ɗauke teburin kafin ƙarshen shekara, firjin lemo za a sa a wurin. 'Yarta, ma'aikaciyar jinya, har da murna.

"Inna, ki huta mana. Ga jikokinki nan suna jiranki."

"Jikokin da ke sa ni neman maganin ciwon kai? Ke dai mai reno kike nema, ki faɗi gaskiya."

Teburin nan, ƙafarsa ɗaya da kwali aka tokare ta, amma a nan ne kawai mutane ke tsayawa su ce mata don Allah. Ta san in ya tafi, ta zama tsohuwar da ake tambaya ko ta sha maganinta. Sai ta ɗauki jaka ta nufi makarantar koyon kwamfuta.

Matar da ke rajista ta dube ta sama da ƙasa. "Mama, wa kika zo yi wa rajista?"

"Uwar wani. Ga ta a gabanki."

Aka miƙo mata jerin kwasa-kwasai: gyaran kwamfuta, zane, rubuta manhaja, adana bayanai, da wasu sunaye da ta ce ko a takardar asibiti ba ta taɓa cin karo da irinsu ba. Matar ta nuna mata na masu farawa. Gwaggo ta ji kamar an zage ta. Ita, mai farawa? Ta ajiye takardar ta ce a bar ta ta zagaya. A sana'arsu da kunne ake gane ofishin da ake aiki: inda injuna ke ruri, nan ma'aikata suke. Ta bi baranda tana kara kunne a kowace ƙofa kamar mai neman gulma. Ajin da madannai suka fi ƙara, nan ta nuna. Na masu rubuta manhaja ne.

Mako uku ta yi a ciki. Abin da ta fahimta a makonnin nan, in ji ta, bai wuce sallamar malam ba. Ga kuma hannun hagu da ya ƙi jin magana: shekara talatin yana tura kan tafireta a ƙarshen kowane layi, shi bai san an yi canji ba. Tana kaiwa ƙarshen layi sai ya tashi da kansa. Ran farko ya zubar da ruwan malam. Ran na biyu ya sauka a kuncin wani magidanci da ke gefenta, bawan Allah mai 'ya'ya huɗu. Daga nan aka bar mata kujera biyu, ɗaya tata, ɗaya ta hannun.

Malamin ya kira ta gefe. "Mama, a da wane aiki kike yi? Ban da dukan mutane."

Ta ba shi labari. Duk takardar da ta buga, uku take yi da kabon, baƙar takardar nan mai fitar da kwafi: biyu na masu ita, ɗaya tata, kuma sai an sa hannu a ukun. Nata kwafin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, shekara-shekara, suna-suna, ga ɗan littafi da ke nuna inda kowace take. Mijinta, kafin ya rasu, ya sha cewa ɓeraye take tara wa karatu.

Malam ya riƙe baki. "To me kike yi a ajina? Naki yana ƙarshen baranda."

Ajin adana bayanai ne, wanda ta wuce don ta ji shi tsit, ta ɗauka ɗakin ajiyar tsintsiya ne. A can ta tarar da akwatinta, an dai canza masa suna an saka shi a cikin inji. Da aka ba su aikin gwaji, sai ta ari tsohuwar kwamfutar 'yarta, ta ɗauki hoton takardun nan kaf, ta jera su ciki, ta kuma ajiye kwafi a wuri biyu, don ita ba ta yarda da abu ɗaya tilo ba.

Saura kwana tara ta ɗauke teburi aka sayar da benen. Sabon mai gida ya ce duk mai shagon da bai kawo takardar yarjejeniyarsa ba, ya fita. Mai Kwafi ya daɗe da zuba tasa a kwamfuta ya yar da takardar, wai datti ce. Kwamfutar kuwa tun watan jiya ta mutu, mai gyara ya ce ko numfashi babu.

Gwaggo ta bar shi ya yi zufa har azahar, don ita ma ba waliyyiya ba ce. Sannan ta buɗe tata kwamfutar, ta buga sunan shagon, ta juya masa fuskar. Ga yarjejeniyar, ita ta buga ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ga sa hannunsa kamar tafiyar kaza. Ainihin kabon ɗin kuma yana jakarta.

"Gwaggo! Allah ya ja kwana! Faɗi abin da kike so."

"Teburina zai shiga shagonka, gefen taga. Duk abin da ka buga, ni zan adana."

Nan fa godiya ta ja baya. Ya ce shagon ƙarami ne. Ta ce tsohuwar kwamfutar ta mutu, ai an sami fili. Ya ce teburin gurgu ne. Ta ce da kwalinsa zai zo. Mai kula da bene yana tsaye yana kallo, kamar wancan karon. Mai Kwafi ya gyara tsayuwa.

"Ki gane, Gwaggo, nan wurin aikin zamani ne. Ko satifiket ba ki karɓa ba. Me kika sani a kwamfuta da ban sani ba?"

Ta mayar da kabon ɗin cikin jaka, ta ja zif a hankali.

"Kai sharewa ka koya, ɗan nan, ga shi ka share har shagonka. Ni ajiyewa na iya. Kama wancan gefen teburin, ka kula da kwalin."