Neman Mai Labarin Tiya Biyu

Abin da ya fitar da ni gida guda ne, sunana. Ni dillalin hatsi ne a Maraɗi, da rabin buhu na fara. Sai ga wani labari ana karantawa a rediyo, na wani Alhaji Tiya-Biyu, mai saye da babbar tiya, ya sayar da ƙarama. Marubucin kuwa Sanusi ne, ɗan ƙanwata, wanda ya tashi a gidana. Kafin mako ya zagayo mata sun soma zuwa rumfata da tiyarsu a lulluɓe.

Tibiri

Bayan sallar asuba na tsayar da ɗan kabu-kabu a unguwarmu Zariya, na ce Tibiri, inda Sanusi ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Direban ya waiwayo ya ce, "Alhaji, da wace tiya za ka biya ni?" A shingen bakin gari jandarma ya dubi takardata, ya dube ni, ya yi murmushi. Shi ma yana jin rediyo.

Lakwal a rufe, ana hutu. Na zauna wurin mai shayi, sai ga Ɗan Gado, wani Bagobiri abokin sana'ata, fuska a murtuke.

"Ina ɗanka? Ya tona mini asiri a duniya."

Na ce, "Ai ni ake nufi."

"Kai Bakatsine, komai sai kun ce naku ne? Har gemun mutumin irin nawa ne. Yaron ba ya damuna. Wanda ya ba shi labarin nake nema, mu dillalai mu zauna da shi."

Mai shayi ya ce Mushe Sanusi, kamar yadda suke kiran malamin lakwal, yana Jiratawa wurin babansa.

Jiratawa

Na sake ratsa Maraɗi, na shiga wata mota da ke cike da mata masu sarin zogala. Na sami Sanusi bakin kanal, hanyar ruwan fadama, wando a naɗe, yana ban ruwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ƙanwata ta aiko da kwaɗon zogala. Na ci tukuna, don ba na faɗa da yunwa.

Na ce, "Me na yi maka?"

Ya ce, "Kawu, ba kai ba ne. Ni ɗan manomi ne da ya girma gidan dillali. In na zo nan su ce ga ɗan birni, in na koma can a ce ga ɗan fadama. Na ga babana yana kallon geronsa ana auna shi da tozo, na kuma ci tuwon ribar dillanci. Na rasa ɓangarena, shi ya sa nake rubutu."

"To ka shiga rediyo ka ce ba kawunka ba ne."

"Zan faɗa. Amma za su tambaye ni inda na samo labarin, kuma ba zan yi ƙarya ba."

"Ina ka samo shi?"

"Bakinka, Kawu. Kullum bayan la'asar kana ba mu labarin dabarun 'yan kasuwa, kana kwaikwayon muryoyinsu. Har tarin Ɗan Gado kake yi. Ban taɓa samun malami irinka ba."

Na ajiye cokali na yi lissafi. In ya wanke ni, mata su bar zuwa da tiya, amma dillalan Maraɗi da Tibiri su san wanda ya kwance musu zani. Mai saye in ya auna ya ga daidai, gobe zai dawo. Dillali in ya daina ba ka labarin farashi, ka mutu a tsaye.

Na ce, "Bar rediyon nan. Kada ka wanke kowa."

Gida

Na iso Zariya kafin magariba, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Riba: na san yaron bai ci amanata ba, ga ƙunshin zogala. Hasara: sunan ya zauna, har jikokina sun iya shi. Hirar la'asar kuma ba ta mutu ba, sai dai yanzu in Sanusi ya zo ya shimfiɗa tabarma, zancen damina kawai nake yi.