Malam Ummaru da "En" Ɗinsa

Ku da kuka yi karatu a hannun Malam Ummaru a Wurno kun san ba ya dukan kowa. Sai dai ya tambaye ka adadin wani abu da Faransanci, ya karkata kai yana jira. Wallahi gara bulala! Ni kuwa da na fi kowa tsoronsa, ni ne daga baya na je na ɗora ido a kan 'yarsa Nana.

Duk fitinar a kan 'yar kalmar nan ce, "en". Ranar farko ya zube mini albasa ya ce nawa gare ni. Na ce, "J'ai trois."

"Ukku mi? Aljannu? Bahaushe ka cewa ukku gare ni, ya wuce abinai. Hwaransanci ba ya barin lamba ita ɗai! In ka ɗebe albasa, sa en ya tsare mata wuri. J'en ai trois!"

Kun tuna gonarsa ta Kwargaba? A gabansa ba a ƙirga da Hausa. Wata rana muna taya shi aiki a can, Bello abokina ya ɗaga buhu, sai ihu: "Malam, macizai! Il y a deux!" Wato akwai biyu, amma ya manta "en". Muka watse. Malam ko gezau.

"Il y en a deux, sakarai!"

Sannan ya tattare riga, ya riga mu kaiwa bakin hanya.

Da magabatana suka kai maganar Nana, ya ce sai ya gan ni tukuna. Kwana uku ina haddar "en". Na san in na yi kuskure ɗaya, shi ke nan, na rasa ta. Na durƙusa a zaurensa, zufa har cikin ido.

"J'ai combien de filles?" Wato 'ya'ya mata nawa gare shi.

"Vous en avez une, Baba."

Na samu! Na ɗago ina jiran yabo. Bai ko lura ba. Kansa a ƙasa ya ce:

"Guda ta. Uwatta ta bar min ita tana jinjira. Kak ka sa ta kuka, Sani. Don Allah."

Ashe shi ma a tsorace yake, kuma ni yake tsoro.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya ba ni ikon riƙe amanarsa har in tarar da shi.