Ranar da Zuwera Ta Zauna

A Gaya, in ka tambayi Zuwera mai bandar kifi, ba gida za a nuna maka ba, hanya za a nuna maka. "Yanzun nan ta wuce," ita ce amsar kowa, daga bakin tasha har bakin gulbi. Gajeriyar mace ce mai saurin ƙafa da saurin baki, mayafinta kullum yana zamewa tana janyo shi. Tuwo ma a tsaye take ci. In ta je gidan suna, kafin a shimfiɗa mata tabarma ta gaida kowa, ta leƙa jariri, ta ce hancin na ubansa ne, ta fice. Yau tana Kamba, gobe tana Malanbil, jibi a ce an gan ta a Doso da kwandunan kifi a bayan mota tana ja-in-ja da direba.

A Tunuga aka haife ta, a gindin murhun banda. Uwarta Hasana ce ta koya mata sana'ar, in ma za a kira wannan koyarwa, domin rabin ranar Hasana a kamun 'yarta yake ƙarewa. Da hannu ɗaya take juya kifi, da ɗayan tana cafko wuyan hannun yarinyar tana cewa, "Zauna, ɗiyar nan, zauna!" Hasana ta rasu wata damina tun Zuwera ba ta kai aure ba, kuma ba ta bar hoto ko guda ba. Ba ta son hoto. In mai ɗaukar hoto ya shigo kasuwa, sai ta kau da kai ta fuskanci hayaƙi har ya wuce. Da shekaru suka ja, Zuwera ta lura da wani abu da ya tsaya mata a rai. Tana tuna ƙanshin zanen uwarta, tana tuna kaushin tafin hannun nan, amma fuskar ta fara ɓace mata. In ta rufe ido ta nemo ta, sai hayaƙi kawai take gani. Wannan abu yana ci mata rai ƙwarai, kuma mutum ɗaya tak ta taɓa gaya wa, mijinta Mutari.

Shi kuwa Mutari mutumin zama ne. Yana da ɗan shagon intanet kusa da filin duwan, wato kwastan, irin wanda ake kira siber, da kwamfuta guda da injin buga takardu. Direbobi da masu fiton kaya nan suke kawo masa aikinsu. Yakan wuni bisa kujera ɗaya, har kujerar ta ɗauki siffarsa. 'Yan unguwa sukan ce da ba don Mutari ba da gidan nan ya tashi sama, da ba don Zuwera ba kuma da gara ta cinye shi da mai shi. Su dai sun zauna lafiya, har suka aurar da 'yarsu Ajuma a Yelu.

Wata Talata da rana Mutari ya kira ta a waya tana Kamba. Da sauri yake magana, abin da ba ta saba ji ba. Ya ce yana nema wa wani masunci bayanin injin jirgi, shafi ya kai shi shafi, sai ya faɗa kan wani tsohon bidiyo da wasu baƙi suka ɗauka a Tunuga shekarun baya. Sunan bidiyon da wani harshe aka rubuta shi, ba Faransanci ba, shi kansa bai iya karanta shi ba.

"Akwai wata mata a bakin murhu," in ji shi. "Wani dattijon Tunuga da ke nan shago ya rantse Inna Hasana ce. Taho ki zauna ki gani."

Ta tsaya cak. Amma akwai kifi a ƙasa, mota na shirin tashi. Ta ce gobe. Da goben ta zo, kasuwa ta sake janye ta, ta ce jibi. Gaskiyar magana, tsoro take ji, kada ta duba ta tarar ba ita ba ce, ko kuma ita ce amma ta kasa gane ta. Ran Juma'a da safe Mutari ya hau babur zai kai wa wani takardu, wata babbar mota ta kauce wa rami a hanyar Doso ta banke shi. Kafin a kai shi gidan likita rai ya yi halinsa.

Sai takaba, wata huɗu da kwana goma a cikin gida. Ga mai irin ƙafar Zuwera, wannan kaɗai ya isa jarrabawa. Ta share tsakar gida har ƙasa ta yi santsi. Ta wanke tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba. Ta yi ta kai da kawowa tsakanin ƙofar ɗaki da bakin zaure, carbi a hannu, tana jin ƙarar motoci suna tafiya ba da ita ba. Kukan mijinta take yi, kuma a ƙarƙashin kukan akwai maganarsa ta ƙarshe, taho ki zauna ki gani.

Shagon kuwa an garƙame shi tun ranar jana'iza, don ba a taɓa kayan mamaci sai an zo rabon gado. Makullin yana aljihun Hamidu, wan Mutari, direban babbar mota. Tun da aka rufe kadarkon Malanbil, doguwar hanya yake zagayawa, sai ya yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba. Ko da yana gari ma, da wane baki za ta ce wa dangin miji a buɗe shago tana son kallon bidiyo, alhali ƙasar kabarin ba ta bushe ba? Kunya ta rufe mata baki, watanni suka yi ta wucewa.

Ana saura 'yan kwanaki ta fita, Sa'ida ta zo gaishe ta. Sa'ida ita ke gyara wa ofisoshin fiton kaya kwamfutocinsu, ita ce kuma ke duba ta Mutari in ta yi gardama. Suna cikin hira Zuwera ta kasa riƙewa, ta zazzage mata labarin duka. Ta ce ai ta ji an ce injin, wato kwamfutar, yana tuna duk inda mutum ya shiga.

Sa'ida ta dafe kai. "Kai, Tanti! Don mi ba ki aiko mini tun farko ba?"

Ta yi mata bayani a hankali. Manhajar da ake shiga intanet da ita tana rubuta sawun mutum, shafi bayan shafi, a cikin wani fishiye, wato fayil, da ke ɓoye a cikin injin. Istorik ake ce masa. Amma irin wadda Mutari ke aiki da ita ba ta riƙe abin da ya wuce wata uku. Da zarar ta buɗe ta ga kwanan wata, sai ta kama sharar tsofaffin sawu da kanta, ba ta tambayar kowa. Ga shi kuma Mutari ya saita ta yadda da an kunna injin take buɗewa, don kada masu jira su ƙosa.

"To ya ɓace ke nan?" in ji Zuwera, tana miƙewa tsaye.

"Bai ɓace ba, tun da ordinatar, kwamfutar nan, a kashe take. Shina nan kwance. Amma duk wanda ya kunna ta, ya share shi. Kada ki bari kowa ya sa mata wuta sai na zo. Ni zan ciro diskin in karanta shi a tawa."

Hamidu ya dawo ana gobe fitar takaba, ya ce tun da ga shi ga malam, a yi rabon gado a wuce wurin kafin ya sake kama hanya. Ranar da safe Zuwera ta yi wanka ta sa sabon zane. Bisa al'ada, sai ta bi gidajen dangi da maƙwabta tana godiya, kuma kowa ya san yau garin zai sha ƙafarta. Ta zura takalmi ke nan aka ce mata Hamidu ya tafi buɗe shago da malam da wani mai son sayen injin. Ta kira Sa'ida. Sa'ida na ƙetaren gulbi, ta je sayo kayan gyara, tana layin jirgin fito.

Zuwera ba ta san lokacin da ta isa filin duwan ba. Ta tarar an buɗe ƙofa, ƙura ta lulluɓe komai, Hamidu ya sunkuya yana laluben soket. Ta riga shi. Ta fizge wayar wutar daga bayan injin, ta naɗe ta a hannunta, ta faɗa kan kujerar Mutari.

"Lafiya, Zuwera?" in ji Hamidu. "Gwadawa za mu yi, mutumen ga ya ga tana aiki, malam ya san kimarta."

"A dakata, Yaya. Sa'ida na tahe."

"Mi ya kawo Sa'ida cikin rabon gado?"

Ta ƙara naɗe wayar a hannunta. Mai saye ya duba agogo. Malam ya yi gyaran murya ya ce shi yana da ɗaurin aure bayan azahar. Hamidu ba mugu ba ne, amma mutum ne da motarsa ke jiran sa, ya fara huci. Ya ce ko akwai abin da marigayi ya ɓoye a ciki ne da ba ta son a gani? Nan ta ga in ta ci gaba da kunya, za a ɗora wa mamaci abin da bai yi ba. Ta sunkuyar da kai, ta faɗi komai a gaban maza uku: kiran waya, da gobe, da jibi, da fuskar uwarta da ta ɓace mata.

Hamidu ya daɗe yana kallon kujerar ƙanensa. Sannan ya ce wa mai saye ya dawo gobe, ya raka malam bakin hanya, ya dawo ya tsuguna a ƙofar shago.

Jiran ya fi takabar wuya. Ga injin a gabanta, ga waya a hannunta, ga soket a bango kusa da gwiwarta. Zuciyarta ta yi ta raya mata cewa Sa'ida ta cika tsoro, in ta kunna ta duba da sauri ai za ta riga sharar. Ƙafarta na kaɗawa har teburin na motsi. Ta kira Sa'ida, jirgin bai cika ba. Ta sake kira, an tsaya gardama da masu babura. Aka yi azahar, ta yi salla a nan cikin shago da wayar a gefen sallaya. Mata suka aiko, ana ta jiran ta a gidaje, fura har ta tsinke. Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta zauna. Wayar ta yi mata shaida a wuyan hannu don tsananin naɗi.

La'asar ta kusa Sa'ida ta shigo, bakin zanenta jiƙe da ruwan gulbi. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta kwance murfin injin, ta zaro diskin, ta haɗa shi da ƙaramar kwamfutarta. Ta bi ta cikin wasu ɓoyayyun jakunkuna har ta kai ga fishiyen, ta kwafe shi a wuri biyu tukuna, sannan ta buɗe kwafin da wata 'yar manhaja. Layuka suka cika allo. Ta juya su, na ƙarshe ya dawo sama.

Ba su sha wahalar nema ba. Tsakanin shafukan duwan da na masu jiragen ruwa, wani layi mai baƙon rubutu ya yi ta maimaituwa, Talata, Laraba, Alhamis, safe da rana da yamma, har safiyar Juma'ar.

"Kullum sai ya buɗe shi," in ji Sa'ida a hankali. "Shina ajiye miki shi kusa."

Ta latsa. Intanet ɗin ya yi ta jan ƙafa, sannan hoto ya fito, dishi-dishi. Ga gulbi, ga jirage, ga masunta na jan taru. Sai murhun banda, da wata mata a tsaye. Tana ganin an nufo ta da na'ura ta kau da kai ta fuskanci hayaƙi. Zuwera ta matso kusa da allon. Ita ce, ko daga tsayuwar ta gane, amma ga shi nan ma ƙeya ta ba su.

Sai wata 'yar yarinya mai ɗan kamfai ta keto da gudu ta gaban murhun. Hannun matar ya fita ya cafko wuyan hannunta, ƙarfin gudun ya juyo da ita gaba ɗaya. Fuskarta ta cika allon, da zufa a goshi, da 'yar wushirya, tana faɗa tana dariya lokaci guda. Ba a jin muryarta, wani baƙo ne ke magana a kai, amma Zuwera ba ta bukatar a gaya mata abin da bakin nan ke cewa.

Wayar ta warware daga hannunta ta faɗi ƙasa. Ta yi kuka sosai, na uwarta da na mijinta a haɗe, ba ta ko rufe fuska ba.

"Maido shi baya," ta ce wa Sa'ida. Aka maido. "Ƙara."

Can wata maƙwabciya ta iso bakin shagon tana haki, ta ce ta zagaye tasha da bakin gulbi ba ta gan ta ba, ina Zuwera ta yi kuma?

Hamidu ya share idonsa da hannun riga.

"Tana ciki," ya ce. "Tana zaune."