Tiren da Baba Sada Ya Kifar

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, 2025, da hantsi, ina tsaye a kasuwa ina zaɓen tattasai wayata ta yi ƙara. Rauda ce. Ta ce, "Anti Mabel, Baba ya cika." Mahaifinta, Malam Sada Kuku na Nukkai, ya amsa kiran Mahaliccinsa yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar mako biyu. Daga Allah muka fito, kuma komai jinkirin mutum can zai koma. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Baba, yau kwananka bakwai a ƙasa, ni kuma kwanana bakwai ban samu sukuni ba. An binne ka da wani laifi a bakin mutanen Jalingo, laifin kuwa nawa ne. Shekara uku da rabi ina riƙe da maganar nan. Na san abin da faɗinta zai jawo wa sana'ata, amma yau zan faɗe ta.

Ka yi shekara goma sha tara a Legas, a kicin ɗin wani otal, ƙarƙashin wani kuku ɗan ƙasar Japan, kafin ka dawo gida. Ni kuwa na san ka ne a shekarar da mijina Tobias ya rasu ya bar ni da yara uku, na fara girkin biki don mu ci abinci. A wani biki a Sunkani ka same ni ina kuka a bayan tukunya, shinkafa ta kama. Ba ka san ni ba, amma ka naɗe hannun riga ka gyara wutar, ka ceci abin da zai cetu. Tun daga ranar ka riƙe ni kamar 'yar cikinka. Kowace Kirsimeti kai kake zuwa da wuƙarka ka yanka min kaji, domin maƙwabtana Musulmi su ci abincina hankali kwance. Faɗa kuwa kana da shi, Allah ya sani. Albasar da aka yanka a karkace ma sai ka yi mata wa'azi.

Ranar da na tambaye ka ko da gaske ka taɓa cin ɗanyen kifin nan na mutanen Japan da ake kira sushi, ajiye wuƙa ka yi ka harare ni. Ka ce sushi shinkafa ce. Gajeriya mai danƙo, irin wadda muke tuwo da ita. A wanke ta har ruwan ya fito garau, a dafa, a juye a akushi da zafinta, a yayyafa ruwan khal mai tsami da sukari da gishiri, ana juyawa a hankali ana fifita ta da mafici har ta yi sheƙi. Sai a dunƙula 'yar loma a ɗora wani abu a kai, ko a naɗe ta cikin baƙin ganyen teku mai kama da takarda a yayyanka. Abin ɗorawar kan zama ƙwai, ko kokwamba, ko dafaffen kifi, ko ɗanye. Amma ɗanyen, ka ce, na teku ne, wanda bai rabu da ƙanƙara ba tun daga jirgi, kuma masani ne ya yanka shi. Kifin kogi ba a kai shi baki ɗanye, saboda abin da ke cikinsa wanda ido ba ya gani. Ka ce shekara uku ka yi kana wanke shinkafa kawai kafin maigidanka ya bar ka ka taɓa kifi. Na yi dariya a lokacin, na ce mutumin nan bautar da kai ya yi.

A watan Maris na 2022 wata ƙungiyar manoman shinkafa ta yi baƙi huɗu daga Japan, masana noma da suka zo duba fadamun Mutum Biyu. Aka shirya musu liyafar rana a Jalingo, mutum kusan sittin, aka ba ni aikin. Shugaban ƙungiyar, Ciyaman Barnabas, ya nuna min bidiyo a wayarsa ya ce, "Madam, kin ga wannan? Haka nake so, kifi ɗanye a sama. Kar su koma su ce Taraba ba mu san komai ba." Na amsa masa tun kafin in shawarce ka.

Ka yarda za ka yi shinkafar. Ka sa aka aiko maka da ganyen teku daga Legas, ka shirya na ƙwai da na kokwamba da na kifin banda. Amma ka ce ɗanyen kifin kogi ba zai hau shinkafarka ba. A zuciyata kuwa na ce tsoho zamani ya wuce shi. A ɓoye na yi odar kifi giwan ruwa daga kogin Lau. Ya iso da safe a bayan mota, cikin zafin bazara, babu ƙanƙara ko ƙwaya ɗaya. Na shige ɗakin ajiya na yanka shi siri-siri yadda na gani a waya, na kwashi dunƙulen shinkafarka na jera babban tire. Wallahi ya yi kyau a ido.

Ana dab da fara ci ka shigo neman mafici, ka gani. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Mabel, ki ji tsoron Allah. Kawo a soya shi yanzu, babu wanda zai sani." Ni kuwa girman kai ya riga ya hau min kai. Na ɗauki guda uku na cinye a gabanka, na ce, "To ga shi, na mutu?" Na sungumi tiren na fita.

Ina jin takunka a bayana har cikin zauren liyafar. Na sauke tiren a gaban babban baƙon. Ya dube shi, ya dubi 'yan uwansa. Ka taɓa gaya min mutanen nan suna da kunya irin ta Fulani, ko sun ga illa ba za su kunyata mai masauki ba. Haka kuwa aka yi. Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya miƙo hannu. Manoma na bayansa sun miƙe da farantai suna jiran nasu. A nan ne hannunka ya zo ta gefena ya doke tiren, ya kife a ƙasa gaba ɗaya.

Ciyaman ya taso ya ce: "Baba, ka haukace ne? A gaban baƙi?" Kowa ya ga da gangan ka yi. Kalma ɗaya za ka faɗa ka wanke kanka. Ka dube ni sau ɗaya, sannan ka ce, "Ku yi haƙuri, laifina ne." Aka riƙe maka hannu aka fitar da kai, hularka ta faɗi babu wanda ya ɗauka. Ni ina tsaye, bakina a rufe.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. Na koma kicin na fito da farantan da ka shirya. Baƙin suka ci, suka ƙara, suka sa tafinta ya tambaya wa ya haɗa shinkafar nan, domin hannun wanda ya sani ne. Ciyaman ya nuna ni. Na rusuna na karɓi tafin.

Kafin magariba cikina ya murɗa. Amai da gudawa suka kai ni asibiti, na yi kwana huɗu ana min ƙarin ruwa. Na gaya wa kowa taifot ne. Loma uku ce ta kwantar da ni haka, tiren kuwa ya fi loma hamsin, kuma cikin masu jira akwai tsofaffi. A rana ta uku ka zo da kunun gyaɗa da Inna Uwani, matarka, ta dama. Na juya fuska bango don kunya. Ka zauna ka ce, "'Yata, mai girkin biki sunanta ne jarinta. Marayunki uku, ni kuwa na gama nawa. Ki riƙe bakinki, ki riƙe sana'arki, amma kada ki ƙara."

Na riƙe bakina, Baba, har na wuce yadda ka nufa. Gari ya ɗauka cewa Sada Kuku hassada ta ci shi, ya ga yarinyar da ya koya wa aiki za ta fi shi. Daga ranar babu wanda ya sake kiran ka girki, kai da a da ba a babban taro sai da kai. Ni kuwa aka laƙaba min Madam Sushi, aiki ya yi ta zuwa. Sau nawa ake zagin ka a gabana in ce a bar maganar, ya wuce, har a yaba min haƙuri. Duk da haka Kirsimeti uku ka zo da wuƙarka ka yanka min kaji.

Ranar sadakar uku ina zaune cikin mata a gidanka, wata ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya yafe masa abin da ya yi wa Madam Mabel." Aka ce amin. Wata ta dafa ni ta ce na yi halin girma da na zo. Na ga Rauda ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a hijabinta. Da zan tafi ta biyo ni zaure da wani abu naɗe a tsumma, ta ce, "Baba ya ce a ba ki wuƙarsa da maficinsa. Ya ce hannunki ya iya shinkafa." Sai ta ƙara da cewa, "Anti, ki yafe masa." A nan na gane ko iyalinka ba ka gaya wa ba.

To, jama'ar Jalingo, ku ji. Ni Mabel na ɗora ɗanyen kifin kogi da ya sha rana a kan shinkafa, bayan an hana ni. Malam Sada ya kifar da tiren ne don kada mutum sittin su kwana a asibiti, ko a rasa rai. Shinkafar da baƙi suka yaba tasa ce. Na san wasu za su ce ihu ne bayan hari, kuma ba su yi ƙarya ba. Wanda ya ba ni aikin bikinsa ya ga ba zai iya cin abincina ba, ya janye, ba zan ga laifinsa ba. Abin da nake roƙo shi ne duk bakin da ya taɓa kiran bawan Allahn nan mai hassada ya nema masa gafara.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka rufa min asiri a gaban mutane, Allah ya rufa maka naka ranar da babu mai rufawa sai shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Uwani, da Hashim babban ɗanka, da dangi na Jalingo da na Katsina. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya albarkaci abin da ya bari.

Rauda, kin ce in yafe wa mahaifinki. Ni ce mai neman yafiya, wurinsa da wurinku. Wuƙar tana nan naɗe yadda kika ba ni, ban kwance ta ba. Gobe da safe zan kawo ta gidanku in ajiye a gabanki. In kin karanta wannan kika ga har yanzu ta dace da hannuna, ki sake miƙo min da naki.

Mabel Tobias
Jalingo