Ranar da Muka Ƙi Dakon Gishiri a Kano

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka sauka Kano ba, cikin shekarun 1950, lokacin ina helma, wato shugaban leburori, a wani kamfanin sayen auduga a Gusau. Da kaka ta wuce, kamfani ya ce zai kai mu hutu mu ga birni. Shi zai ɗauki mota da masauki, mu ciyar da kanmu. Yawancinmu ko Funtuwa ba mu taɓa wucewa ba. Baba Makau, wani tsoho mai awon auduga daga Bungudu, har sabuwar riga ya ɗinka.

Da hantsi muka isa, sai direba ya wuce ƙofar gari, ya tsaya bakin wani sito. Babban akawu, Malam Sanda, ya sauko daga gaban mota ya kira ni gefe.

"Helma, mota ba ta komawa wayam. Ku loda gishirin nan tukuna, sannan yawo."

Na dubi buhunan, sun kai rufi. Aikin yini ne cur, kuma gobe da sassafe za mu juya.

Na ce, "Malam, hutu anka ce muna, ba dako ba."

"Ka san wanda ya aiko ni?"

"Na sani, manajan kamfani ne. Ka gaya mishi ni na hana."

Na san kasada na yi, don ina da iyali a Tudun Wadan Gusau, aiki kuma ba a tsintar sa a hanya. Sai Baba Makau ya gyara rigarsa ya ce, "Ni dai Dala na zo gani." Ya kama hanya, muka bi shi duka, a ƙasa.

Muka hau dutsen, tsohon yana haki muna riƙe da shi. Daga sama muka ga ganuwa ta zagaye gari, ga hayaƙin gidaje har iyakar gani. Muka sauko muka ratsa kasuwar Kurmi, muka ga marina. Gishiri kuwa 'yan dakon Kano aka ɗauka suka loda shi.

Da muka dawo aka sauke ni daga helma, aka tura ni rumfar awo a Tsafe. Ban roƙi kowa ba, ban kuma yi nadama ba.

Ku yaran yanzu ku riƙe wannan: a aikinmu, duk abin da aka ce kyauta ne, ku leƙa bayansa. Lebura ba ya gudun nauyi. Raini ne ba ya ɗauka, in dai 'yan'uwansa sun tsaya tare da shi.